Goran Irin Gamba

Babana masaƙin zana ne, kuma shi ke yi wa rumbunan ƙauyenmu jinka. Ƙauyen yana gindin duwatsu, ba nisa da Zuru. In babur bai yi gardama ba, kafin tuwo ya huce ka isa. Bayan gidanmu akwai wani gangare mai tsakuwa wanda fartanya ba ta taɓa shiga ba tun zamanin kakanni. An bar shi ne saboda gamba, doguwar ciyawar nan da ake saƙa zana da ita. Muna da gonar dawa kamar kowa, amma in ka tambayi Baba lafiyar gonarsa, labarin gangaren zai ba ka. Da kaka gamba takan wuce tsayin namiji ko ya ɗaga hannu, kanta ya yi fari fat, in iska ta taso ka ji tana shuu tun daga tsakar gida. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya yi mini kayan ɗaki, kuma babu gidan da za ka shiga a ƙauyen ba ka ga saƙarsa ba.

Gangaren yana da dokarsa, Baba ne kuma mai riƙe da ita. Ba a sa lauje sai iri ya nuna. In kaka ta yi, kullum da safe zai hau, ya murza kan ciyawar tsakanin yatsunsa, ya hura, ya sauko ya ce da saura. Ranar da ya ce ta yi, maza su fito. Abin da aka yanka ba a ɗaure shi a inda aka yanke shi. Rungumarsa ake yi a hau da shi can ƙoli, wurin wani falalen dutse inda ake ajiye igiyoyi. Nan za a ɗaure dami, a kifa kansa, a buga da ƙasa sau uku, sannan a aza a ka. Irin gamba gashi-gashi ne, ba shi da nauyi, in ya zube a ƙoli sai iska da ruwan sama su raba shi ga gangaren duka. Duk saurayin da ya yi golmo a ƙauyenmu, wato noman da samari ke yi wa iyayen wadda za su aura, ya bi ta hannun Baba a gangaren nan, kuma ya san bugu ukun nan kamar yadda ya san hanyar gidansu. Na taɓa ganin Baba ya mayar da wani ƙato tun daga ƙofar gida har ƙolin dutse, da dami a kansa, don sau biyu kawai ya ji ya buga.

Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, kuma ya sangarta ni, ba zan ɓoye ba. Na tashi da baki, da ganin na fi kowa wayo, 'yan shekarun da na yi a makaranta kuma suka ƙara wa abin gishiri. Da na yi aure aka kai ni wajen Dirin Daji, sai na zama mai zuwa gida da sababbin dabaru. Ni na kawo wa Inna murhu mai cin itace kaɗan, ni na hana ta shanya gari a ƙasa. In na iso, Baba yakan ce wa Inna ta kimtsa, ga malamar gari ta sauka.

A garin mijina na ga mata suna wani abu da ya burge ni. In magariba ta gabato, sai su tsinko wani ganye mai ƙarfin ƙamshi daga bakin hanya, su ɗora a garwashi, su zaga da kaskon ɗaki-ɗaki. Sarakuwar sauro suke kiran ciyawar, wai sauro ba ya haɗa hanya da ita. A lokacin Inna ba ta raba damina da zazzaɓi. Duk shekara sai ta kwanta, ta rame, mu yi ta zaryar asibitin Zuru. To, wace 'ya ce za ta ga wannan ta ƙyale? Da kaka na sa aka yanko mini busasshiyarta dami biyu, aka ɗaure a saman mota, na nufi gida ina jin kaina kamar wadda ta ɗauko likita.

Baba yana zaune a gindin tsamiya yana saƙa na shigo. Ya ajiye aikin, ya karyi reshe ɗaya, ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Uwata, wanga haki, bisashe na cin shi?"

Na ce, "Ko akuya ba ta taɓa shi, Baba. Ai albarkarsa ke nan."

"Akuyad da ka cin leda ta ƙi shi, ke kin ɗauko kin kawo gida?"

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce masa shi dai in abu ba gamba ba ne, to maƙiyinsa ne. Inna ta goya mini baya, ya girgiza kai ya koma saƙarsa. Kafin in koma na yi abin da har yau nake nadamarsa. Na murje kawunan dami ɗaya a faifai, na sami iri cike da tafin hannu, baƙi-baƙi, ƙanana, na watsa a bayan katanga kusa da juji, daidai gindin gangaren. Nufina kada Inna ta riƙa jiran sai na zo.

Ta fito kuwa. Damina ta farko wani ɗan fili ta rufe, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, Inna tana tsinka tana sa mini albarka. Sauro ya ragu ko bai ragu ba, Allah ya sani, domin zazzaɓin bai fasa zuwa ba. Amma Inna ta gano wani amfanin: busasshen karan yana yin tsintsiya mai kyau, ba ya saurin karyewa. Maƙwabta suka gani suka roƙa, Inna kuwa ba ta iya hana abu ba. Da tsintsiyar ake share tsakar gida, da ita ake share masussuka, sharar a zuba a juji, jujin kuma in bazara ta yi a kwashe a kai gona a matsayin taki. Mu da hannunmu, da tsabtarmu, muka yi mata rakiya gida-gida.

Sai daga baya na zauna na ƙare wa irin nan kallo, lokacin da kallon ba shi da sauran amfani. Kowane ƙwaya yana cikin wani ɗan kwanso mai ƙananan ƙayoyi a baki. In ka ratsa ta cikinta da rani, kwanson ya maƙale a zane, a jelar saniya, a gashin tunkiya, sai inda Allah ya kai shi. In kuma ruwa ya taɓa ƙwayar, nan take ta yi yauƙi kamar an jiƙa kuɓewa, ta manne a kofato, a tafin ƙafa, a tayar babur. Wadda ba ta sami mai ɗauka ba, ruwan sama ya tafi da ita ƙorama. Tushe guda kuma irin da yake zubarwa ba ya ƙirguwa. Na taɓa gwadawa da reshe ɗaya tak, na gaji na bari.

Shekara uku, huɗu, ta ci gindin gangaren. Baba ya fara ambatonta a kowace gaisuwa. In na ce ina gajiya, ya ce gajiya da sauƙi, baƙuwarki dai ta ƙara hawa. Da wasa yake faɗa, ni ma da wasa nake amsawa, in ce ai baƙo ba ya wuce kwana uku a kore shi. A raina kuwa na fara tsorata, don na lura da yadda take yi. Ruwan farko yana sauka ita ke riga kowa fitowa, a cunkushe, ganye ya haɗe da ganye, kafin gamba ta farfaɗo daga tushenta an riga an rufe mata rana. Daga nan sai rashin zaman lafiyar dajin ya zo ya ƙarasa mu. Makiyaya suka daina shiga can ciki, mu ma muka daina, dabbobin gari da na baƙi duka suka dawo kiwo a bakin ƙauye. Ba laifinsu ba ne, kowa ransa yake so. Amma saniya in ta hau gangaren, tohon gamba take bi ta cinye har ƙasa, ta zagaye sarakuwar sauro kamar an yi mata kashedi, ta sauko da irinta a jela.

A shekara ta shida, rabin gangaren ya tafi. Abin da Baba ya yanka bai kai ya yi wa rumbunan ƙauyen jinka ba, har ya ba mutum biyu haƙuri, abin da bai taɓa yi ba. Ranar na ga ya kasa cin tuwo. Ni kuwa da na ɓata, na ce ni zan gyara, kuma a nan ne wayona ya kai mu ya baro.

Na ce a yi gayya a yanke sarakuwar sauron duka. Na je gida-gida da kaina, na sa mijina ya kawo buhun dawa, aka yi kunu da tuwo. Ni na zaɓi lokacin: bayan an gama girbi, sa'ad da hannun kowa ya sarara, ciyawar kuma ta bushe, lauje zai ci ta ba wahala. Mata suka ce kada a ƙone, a ɗaure musu dami-dami su kai gida, tunda itace ya yi wuya. Na ce madalla, riba biyu ke nan. Babu wanda ya ce mini a'a. Baba ma murna ya yi, ya wasa laujensa tun jajibiri.

Maza sun fito, har waɗanda furfura ta fara kamawa, duk yaran Baba ne na zamanin golmo. Suka shiga yanka suna waƙar aiki da yarenmu. Kowa ya cika hannu, sai ya runguma ya nufi ƙoli, wurin falalen dutse, don can igiyoyi suke, can aka saba ɗauri. Hanyar kuwa ta tsakiyar gambar da ta rage ta bi. A ɗaure dami, a kifa kansa, tim, tim, tim, a aza a ka. Ina tsaye da ludayi ina rabon kunu, ina jin bugun nan, wallahi daɗi ya kama ni har na yi guɗa. Shekaru ban ji gangaren ya yi wannan amo ba. Baba da kansa ya ɗaure na farko, ya buga, ƙasa ta amsa. Bayan kowane bugu akwai wani ɗan sauti, yaf-yaf, kamar ana watsa yashi a kan busasshen ganye. Na ji shi da kunnena. Mutum wajen talatin a kan dutsen nan, duk manoma, duk sun san iri, babu wanda ya tsaya ya ce me muke yi. Hannu ne ya yi abin da ya saba, kai bai bi ba. Da la'asar gangaren ya yi fes, muka sauko muna yi wa juna barka.

Da bazara aka sa wa gangaren wuta kamar yadda aka saba, don gamba ta yi sabon toho. Wutar ta share ƙasa tas, ta bar toka. Ruwa ya sauka sau biyu, sai ƙanena ya kira ni a waya ya ce in zo in gani, bai ƙara komai ba.

Na zo. Daga ƙolin dutse har gindi kore ne shar, lif, babu inda za ka sa ƙafa. Wanda bai sani ba zai ce Allah ya yi wa wurin albarka. A bakin falalen dutse, inda aka yi ta bugu, ta fito a cushe kamar gashin kai, daga nan ta bi duk hanyar da ruwa ya bi ya gangara. Hanyoyin da mata suka bi da dami zuwa gidajensu ma kowace ta yi layi biyu, dama da hagu, har ƙofar gida. Na durƙusa na murza ganye ɗaya, ƙamshin nan ya bugi hancina. Nan na zauna a kan tsakuwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Baba yana tsaye a bayana da sandarsa.

Na je Zuru na nemo wani malamin gona, na biya masa kuɗin mai ya zo. Mutumin kirki ne, ya hau har ƙoli da takalminsa mai tsabta. Ya murje kai ɗaya a tafin hannunsa ya nuna mini: ashe irin ma kashi biyu ne, manya da ƙanana. Ya ce ba tare suke fitowa ba; wasu su fito da ruwan farko, wasu su yi kwance a ƙasa suna jira, in ka cire na farko ka buɗe musu rana su taso. Ya ce furenta ba ya jiran wani fure, tushe ɗaya tilo ya isa ya cika wuri. Na ce a yi feshi. Ya ce maganin da manomanmu ke samu a kasuwa ba ya tambayar sunan ciyawa, da ita da gamba zai kwantar. Abin da ya rage shi ne a tuge ta da hannu kafin ta yi fure, bana, baɗi, baɗin baɗaɗa, kada a bar ko ɗaya, kuma a hana dabba hawa. Da ya ga fuskata, sai ya ce kada in ɗora wa kaina, ciyawar nan daga wata ƙasa mai nisa ta fito, ta bi manyan hanyoyi, ko ban kawo ta ba da ta iso. Na gode masa. Amma ni na san tafin hannun da ya watsa ta a bayan katangarmu, kuma na san wadda ta kira gayya.

Wa zai tuge gangare guda da hannu a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke fama da noman dawarsa? Na zauna sati biyu muna yi da Baba, sannan dole na koma, ina da 'ya'ya da gona. Ƙanena ya yi nasa ƙoƙarin ya gaji, ban ga laifinsa ba. Baba kaɗai ya rage. Inna ta ce kullum in ya idar da sallar asuba ya karya, sai ya hau, ba ya saukowa sai rana ta take. Ya tuge nan, kafin ya kai can, nan ya sake rufewa. Idonsa kuma a lokacin ya fara yin hazo. Wata rana Inna ta same shi ya tuge tohon gamba cike da hannu yana zaton sarakuwar sauro ce, da ta faɗa masa ya daɗe yana shafa su. Hannunsa ya riƙe warin ganyen, sabulu ba ya fitar da shi, har in ya ci tuwo ya ce ɗaci yake ji.

Damina uku ya yi a haka. Gamba ta koma 'yan tushe a tsakanin duwatsu, ana iya ƙirga su. Mutane suka fara kewaye gidajensu da buhuna da tsohon kwano. Rumbu aka koma rufe shi da leda, ledar ta tara gumi, dawa ta yi fumfuna. Namu rumbun ma haka aka yi masa, a gidan mai jinka. Wani ɗan kasuwa yakan kawo gamba daga wajen Bena jefi-jefi, gajera, an yanke ta ɗanya, Baba ya taɓa ya ce wannan ko akurki ba za ta yi ba. Daga baya ita ma ta daina zuwa. Ya zauna a gindin tsamiya ba abin saƙa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ni kuma na rage zuwa gida. Na ce hanya ce ba kyau, kuma gaskiya ba kyau, amma kunya ce ta fi hana ni.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, da rani ne, bayan azahar. Na same shi a gindin tsamiyar. Duk shekarun nan ban taɓa buɗe baki na faɗa ba, ni mai bakin nan. Ranar na durƙusa a gabansa.

"Baba, ni na kawo ta. Ni na watsa ta bayan katanga. Ni na kashe maka gamba. Ka yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Na sani, Uwata. Ina nan zaune kis shigo da ita. Don uwakki kik kawo, mi za ni yahe?" Sannan ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi. "Ke ƙohwag gida kik kawo ta. Wa yak kai ta bisa? Hannun ga nau. Ni nab buga na hwarko, yara sunka bi."

Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya kira Inna ya ce ta ɗauko masa ajiyarsa. Ta fito da wani ɗan gora, an toshe bakinsa da tsumma. Inna ta ce kaka biyu yana rarrafe a gindin 'yan tushen da suka rage, yana share ƙasa da tafin hannu yana tarawa, ya hana kowa taya shi. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini.

"Irin gamba na. Shi ɗai yar rage. Nan ta ƙare, ɗiyata. Ki nemi wurin da ba ta kai ba, ki watsa. In ta yi, a buga sau ukku."

Na karɓa da hannu biyu. Da na ɗaga, goran ya yi ɗan ƙara, caka-caka. Na ce a raina tsakuwa ce ya haɗo da ita.

Bai ga damina ta gaba ba. Ranar da ya rasu aka nemi zana da za a kare wurin wanka, aka zaga ƙauyen ba a sami mai lafiya ko ɗaya ba. Buhunan taki aka farke aka ɗaura a sanduna. Mutumin da ya yi wa kowane gida sutura, da buhu aka suturta shi. Na ga haka, na koma bayan ɗaki, ban iya tsayawa cikin mata ba.

Na shiga neman wurin da ba ta kai ba. Garin mijina ba a ma maganarsa, daga can na ɗauko ta. Duk motar da na shiga, idona yana bakin hanya. Na je biki wajen Sakaba, na bar mata suna rawa na zaga bayan gari, ga ta nan. Na je ta'aziyya wani ƙauye a bayan duwatsu inda mota ba ta shiga, na ce yau na samu. A bakin rijiyarsu na ji ƙamshinta tun kafin in gan ta. Inda ake cewa daji ne sosai kuma, ba mai zuwa ya dawo lafiya. Shekara uku goran yana rataye a ɗakina ban buɗe ba, ina jiran wuri mai tsabta.

Bara na gaji da jira. Na ce ko a bayan ɗakina ne zan kewaye ɗan wuri in yi ta gadi. Na shimfiɗa farin zane, na zare tsumman, na zazzage kaɗan. Gashi-gashin gamba ya zubo, ya yi launin ƙasa don tsufa. A cikinsa, a maƙale a kowane gashi, ga baƙaƙen ƙwayoyin nan, manya da ƙanana. Ban yarda da idona ba. Na jiƙa yatsa na dangwala, kafin in ɗaga sun yi yauƙi sun manne mini. Tsohon da ba ya gani, yana rarrafe yana share ƙasa da hannu, me zai tara in ba abin da ya fi yawa a ƙasar ba?

Na gwada sheƙewa a faifai, iska ta ɗebi gambar ta bar mini su. Na gwada rariya, ƙananan suka ƙi rabuwa da gashin. Na zauna da allura ina tsincewa kwana da kwanaki, har na sami abin da ya kai cikin cokali wanda na rantse babu ko ɗaya. Na zuba ƙasa a tsohon kwanon wanki, ƙasar ma sai da na gasa ta a wuta, na shuka, na ɗora a kan katanga saboda kaji. Kwana huɗu suka fito, ganye bibbiyu irin na sarakuwar sauro, guda bakwai. Na tuge. Bayan sati wasu uku suka fito. Na tuge. Sai ga wani siririn toho guda ɗaya mai kama da allura, irin na ciyawa sosai. Na hana kowa zuwa kusa, na yi masa rumfa, har magana nake yi masa. Wata biyu ina wannan hauka. Da ya kai gwiwa ya fitar da kai, sai ga shi ƙyasuwa ce, wadda ke fitowa a kowane juji. Da na sake haɗuwa da malamin gonar nan a kasuwa na ba shi labari, ya ce irin gamba ba ya jure dogon ajiya, da a shekarar farko na watsa, wataƙila. Ita kuwa waccan, ya ce, tana iya jira.

Sauran yana nan a cikin goran. Na mayar da tsumman, na ƙara da leda, na ɗaure da zare. Ba zan iya zubarwa ba, don duk inda na zubar shuka na yi. Mijina ya ce in jefa a murhu in huta, kuma gaskiyarsa ne. Sau biyu ina kai shi bakin wuta ina dawowa da shi, domin kaka biyu na rarrafen Baba ne a ciki, kuma ban da shi ba ni da komai nasa, ko guntun zana. Kullum ina cewa gobe. Yana rataye a bayan ƙofa, in an buɗe da ƙarfi ya bugi bango ya yi caka-caka. Irin gamba ba ya yin ƙara. Tun ranar da Baba ya danƙa mini shi na ji wannan ƙarar, kuma ya kamata in sani.